Kanar har gida? Muƙami bayan ritaya, na mutum ne ko na kujera

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga manyanmu, musamman waɗanda suka yi aikin kaki da kuma lauyoyi. Kun san sana'ata buga katin biki ce da kalanda da fosta. Babu abin da ke haɗa ni rigima da masu kawo aiki kamar muƙami. A satin nan an dawo min da katin ɗaurin aure gaba ɗaya, wai don na rubuta sunan waliyyin amarya da Kanar, na ƙara "mai ritaya" a bayansa. Ɗansa ya ce na rage wa mahaifinsu daraja, kowa ya san ya bar aiki, mene ne na tallatawa. A watan jiya kuma wani dattijo ya ce in cire Injiniya daga sunansa, tunda ya ajiye aiki Alhaji ta ishe shi, sai ga 'ya'yansa sun biyo ni shago a ɓoye wai in mayar. To wai mece ce ƙa'ida? In mutum ya yi ritaya, muƙamin na bin sa gida ne ko a ofis yake barin sa?

Baba Saje: Wa alaikumus salam. Ɗana, a kan na Kanar kai ke da gaskiya. Hafsan da ya gama aikinsa lafiya aka sallame shi da mutunci yana riƙe muƙaminsa, amma sai an rubuta mai ritaya. Ita ce ke raba shi da wanda ke bakin aiki yanzu, mai bataliya a ƙarƙashinsa. Yaron bai san aikin ba ne. Da uban ka tambaya da kansa, da bai ce ka cire ba. Wanda ba shi da ikon amsa muƙami shi ne wanda kotun soja ta tuɓe, aka kore shi. Wannan ko kofur ba za a kira shi ba.

Kwamared na Jahun: Baba, da girmanka, amma ni ban ga amfanin abin ba gaba ɗaya. Direban da ya yi shekara 35 yana jan motar ma'aikata ba ya rubuta Direba mai ritaya a katin auren 'yarsa. Malamin firamaren da ya koya wa shi Kanar ɗin karatu ma haka. Me ya sa sai soja? A ganina sauran mulkin soja ne da bai gama fita daga jikinmu ba. Daga 1966 zuwa 1999, in ka cire shekarun Shagari da 'yan watannin Shonekan, masu kaki ne ke riƙe da ƙasar nan. Muka saba da an ce Kanar kowa ya miƙe tsaye. Su kuma suka saba da a miƙe musu, shi ya sa ba sa son sakin sunan.

Malam na Azare: Kwamared, al'adar ta girmi juyin mulkin 1966. Daga Turawan Ingila muka gaje ta tare da fareti da bigila, can ma Manjo ko Kanar da ya bar aiki yana ci gaba da amsa sunansa. Amma ka taɓo wani abu da ya kamata a tsaya a kai. A ƙasar nan muƙamin soja bayan barin aiki ya daɗe da shiga siyasa: a ba da shi, a ƙwace, mai shi ya ajiye in ya yi masa nauyi, ya ɗauko in yana bukata.

Ku ɗauki Gowon. Bayan yunƙurin juyin mulkin Dimka na 1976 da aka kashe Murtala a ciki, gwamnati ta zarge shi da hannu, ta tuɓe masa muƙami yana zaune a Ingila. Mutumin da ya shugabanci ƙasa shekara tara ya koma Mista Gowon. Ya ci gaba da karatunsa a jami'ar Warwick har ya samu digirin dakta. Shagari ya yi masa afuwa, amma Janar ɗinsa bai dawo ba sai 1987 a zamanin Babangida. Da muƙamin ba a bakin komai yake ba, da ba wanda zai wahalar da kansa wajen ƙwace shi.

Obasanjo da ya dawo da babbar riga a 1999, Cif ya zaɓa a kira shi. Marigayi Buhari kuma, gab da rantsar da shi a watan Mayun 2015, ofishinsa ya sanar cewa daga ranar 29 ga wata a daina sa masa Janar, a ce Shugaba Muhammadu Buhari kawai. Sai ga shi a Disambar 2019 jaridar Punch ta fito ta ce daga yanzu Manjo Janar Buhari mai ritaya za ta riƙa rubutawa, don nuna fushinta kan yadda gwamnatinsa ke yi da umarnin kotu. A nan Arewa masoyansa na ce masa Janar don ƙauna, a Legas jarida ta ɗauko Janar ɗin ta mayar masa don suka.

Kwamared na Jahun: To ai ka ƙara min hujja, Malam. Su da kansu sun san sunan na ɗauke da warin bariki, shi ya sa suke ajiye shi a bakin ƙofar fadar gwamnati.

Malam na Azare: A bakin ƙofar wani aiki suke ajiyewa, wanda bai dace a shige shi da kaki ba. Har a Amurka an yi haka. Eisenhower sai da ya ajiye aikin soja a 1952 kafin ya shiga takarar shugaban ƙasa, da ya gama wa'adinsa kuma aka mayar masa da muƙaminsa a 1961 zamanin Kennedy. Ba wai muƙamin abin kunya ba ne, kujerar farar hula ce dai da farar riga ake zama a kanta. A wajenmu ma in babbar sarauta ta zo takan shanye ta soja. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar Birgediya Janar ne kafin a naɗa shi a 2006. Wa kuka taɓa ji yana ce masa Birgediya? Etsu Nupe na yanzu ma haka. Amma marigayi Sarkin Zuru Sani Sami, wanda manyanmu suka sani a nan Bauchi da ya yi gwamnan soja a 1984 zuwa 1985, jaridu kan haɗa masa duka biyun, Manjo Janar da kuma sarautar.

Na Bakin Kura: Ni abin da ya ba ni dariya, wai Kwamared ne ke yaƙi da muƙami. Yaya, yaushe rabonka da ƙungiyar ɗalibai? Tun kafin a haifi ɗanka na fari ka bar makaranta, amma har gobe in ba a ce Kwamared ba ba ka juyowa.

Kwamared na Jahun: Nawa ba ya sa ɗan sanda ya sara min, ƙanena. Kuma ba ni na sa wa kaina ba.

Na Bakin Kura: Haka kowa ke cewa.

Maman Ilham: Ku bar batun soja tukuna, ku zo ga wanda ke kashe mutane a unguwanni. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, don haka na san abin da nake faɗa. A wajen mutanenmu duk wanda ya taɓa sa farar riga a asibiti Dakta ne, daga mai ba da kati har mai ɗaure ciwo. Muddin yana cikin asibiti abin da sauƙi, akwai likita a sama da shi, akwai wanda zai hana shi wuce gona da iri. Matsalar sai ya yi ritaya. Ya buɗe kemis a zauren gidansa, ya sa labule a baya, ya ajiye benci ɗaya da ƙusa a bango ta rataye ledar ƙarin ruwa. Na ga wannan da idona a wata unguwa a nan cikin gari. An kawo yarinya tana numfashi sama-sama, cikinta ya kumbura, shi kuwa ya ɗaura mata ruwa leda biyu a jere, uwar tana zaune a ƙasa tana cewa Dakta ya ce ciwon shawara ne. Da na ce a ɗauke ta a kai asibiti, sai kakar ta dube ni ta ce, ke kin fi Dakta sani ne? Sunan ne ya ɗaure musu kai. Da Malam wane suke ce masa, da sun yi tunani sau biyu.

Likita na gaskiya ma, wanda ya yi karatun, kowace shekara sai ya sabunta lasisinsa a majalisar likitoci ta ƙasa kafin ya taɓa majiyyaci. Mu ma namu lasisin sabuntawa ake yi. Digirinsa na nan har ya mutu, a kira shi Dakta ba laifi. Amma Dakta a katin biki daban, rubuta magani daban.

Lauyan Yelwa: Hajiya, kin kawo mu inda doka ke da abin cewa. Abin da ke rikita mu shi ne mun tara abubuwa daban-daban a gaban suna muna ce musu muƙami. Akwai wanda mutum ya samu da karatunsa ko da hawan matakin aiki, kamar digirin dakta ko Kanar. Wannan nasa ne, sai dai in hukumar da ta ba shi ta karɓe. Akwai wanda yake izinin yin sana'a ne, yana rayuwa da lasisi. Sannan akwai na kujera, Kwamishina, Ciyaman, Darakta, Babban Sakatare, wanda ranar da ka miƙa takardun barin aiki ya koma kan wani. Wannan na ƙarshen shi muka fi cin zarafi. Tsohon kwamishina tsohon kwamishina ne, ba Kwamishina ba.

Game da doka, ba za a kama ka don maƙwabta na ce maka Ciyaman ba. Amma kundin hukunta laifuka da muke aiki da shi a Arewa ya haramta sojan gona, wato mutum ya nuna yana riƙe da wani muƙamin gwamnati alhali ba ya riƙe da shi, ya yi wani aiki da sunan wannan muƙamin, ko ya sa kayan sarki don a ɗauka ma'aikaci ne. Shi ya sa Baba ya yi daidai da ya ce "mai ritaya" ba ado ba ce. Ita ke kare mai muƙamin kansa.

Ku dubi alƙalai. Mai Shari'a in ya yi ritaya ana ci gaba da ce masa Mai Shari'a, amma sashe na 292 na tsarin mulkin 1999 ya hana shi komawa ya tsaya gaban kowace kotu a matsayin lauya. An bar masa sunan, an kuma toshe hanyar da zai yi amfani da sunan ya danne ƙananan alƙalan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa. A ganina da haka aka yi wa sauran muƙamai da an huta.

Na Bakin Kura: Barista, ka yi bayani.

Lauyan Yelwa: Ita ma wannan Barista da kuke sa mana a gaban suna, kwamitin ladabtar da lauyoyi ya taɓa cewa bai dace da ƙa'idar sana'ar ba. Amma je ka faɗa wa gyatumata ta daina.

'Yar Tudun Wada Gombe: Ina bin ku tun ɗazu daga Gombe. A fanninmu na injiniyanci abin a rubuce yake. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya, wadda aka kafa tun 1970, ita ke da rajista, kuma wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da izinin sa Injiniya a gaban sunansa, ko da ya gama digirin. Dattijon da Ɗan Wunti ya ce ya nemi a cire masa, wataƙila ya san abin da 'ya'yansa ba su sani ba, ko kuma kawai ya gaji. In yana cikin rajista ba wanda ya hana shi. Inda ake samun ɓarna shi ne tsohon ma'aikacin da ya bar ma'aikatar ayyuka da daɗewa, bai sake buɗe littafi ba, amma hatiminsa na cikin aljihu. Mai gini ya kawo zane, ya buga masa, ya karɓi na goro, bai je ya ga ƙasar wurin ba balle rodin da aka sa. In bene ya tsage sai a ce ai Injiniya ne ya sa hannu.

Sai wani abu da maza ba za ku lura da shi ba. Gwaggona ta yi ritaya tana babbar sakatariya, mijinta bai kai matakinta a aiki ba. Amma duk katin da aka kawo gidan, shi an jera masa Alhaji, Dakta, da sarautarsa, ita kuma "da uwargidansa". Ko sunanta babu. Ga matar Kanar kuwa, wadda ba ta taɓa taka filin fareti ba, a taron biki ita ce a kujerar gaba. Kafin a yi gardamar ko namiji zai tafi da muƙaminsa gida, mu namu tun muna bakin aiki ake ajiye mana shi a ƙofar gida.

Maman Ilham: Faɗa musu dai, 'yata.

Direban Muda Lawal: Ni ba ni da boko mai yawa amma ina kan titi kullum, Bauchi zuwa Gombe, wani lokaci Jos. Abin da Kwamared ke faɗa akwai shi. Za ka ga mota a gabanka, an ajiye hular soja a kan dashbod, an rataye bulala a madubi, an manna sitika a gilashi. Mai motar ya bar aiki shekara da shekaru, wani ma ba shi ne sojan ba, ƙanin matarsa ne. A shingen bincike mu ana sauke mana kaya ana kwance buhu, shi ko sauke gilashi ba ya gama yi an ɗaga masa hannu. Kuma in faɗa muku gaskiya, mu ma direbobi muna cin moriyar abin. In tsohon soja ya zo tasha, gidan gaba ake ba shi, wani direban ma ya rage masa kuɗin mota, saboda in an zo shinge ya leƙo ya yi musu yarensu an wuce. Sannan ga masu zuwa karɓar bashi. Mutum na bin ka dubu hamsin, maimakon ya kai ka gaban mai unguwa ko kotu, sai ya ɗauko wani da ake ce wa Manjo ya zo ya tsaya maka a ƙofar gida yana ka san ko ni wane ne.

Baba Saje: Direba, ban musa maka ba, ana yi, kuma mu abin na ɓata mana rai fiye da ku, don sunanmu ake zubarwa. Mai ritaya ba shi da iko a kan ko kurtu ɗaya. In yaran da ke shinge sun gaishe shi, ladabi ne, ba dole ba. Kuma da yawan masu bulala a madubi ba su taɓa jin ƙarar harsashi ba.

Amma Kwamared, bari in ba ka amsar tambayarka ta me ya sa sai soja. Ni na je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, daga can aka wuce da mu Saliyo. Mun tafi da yara daga barikin Shadawanka da ba su dawo ba. Direban ma'aikata da ka ambata, Allah ya saka masa, amma in ya ga hanya ba kyau yana iya juyawa, in aikin ya ishe shi ya ajiye makulli. Mu ba mu da wannan. In ka juya, kotun soja ce. Igiya ukun da aka ɗaura min a hannu ban saye ta ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Kuma ku sani, mu ƙananan ma'aikata ba a ma buga mana muƙami a kati. Na hafsoshi ake bugawa. Ni mutanen unguwa ne suka ga dama suke ce min Saje, har jikokina. Ka zo ranar da ake tantance 'yan fansho ka ga tsofaffi a layi, wani da sanda, wani ɗansa ya goyo shi a babur, kowa da tsohuwar takardar sallamarsa a cikin leda. In ma'aikaci ya kira sunan mutum ya haɗa da muƙaminsa, za ka ga tsohon da bai iya miƙewa sosai ya gyara tsayuwa. Wasu cikinsu abin da ya rage musu ke nan. Shi kake so a karɓe?

Kwamared na Jahun: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba da irinku nake ba. Ina magana ne a kan waɗanda suka mayar da shi jari. Amma zan tsaya a kan abu ɗaya: in dai girmamawa ce, a fara da biyan haƙƙinku a kan lokaci. Ƙasar da ke sa tsoho layi a rana ba ta da bakin cewa ta karrama shi da suna.

Baba Saje: A nan kam mun haɗu.

Na Bakin Kura: Ku tuna zaɓen gwamna na 2023 a nan Bauchi. Sadique Abubakar ya yi shugaban rundunar sojin sama daga 2015 zuwa 2021, daga nan aka tura shi jakada Chadi. Amma a bakin jama'a ba wanda ke cewa Ambasada, kowa Iya Mashal. Abokin takararsa Bala Mohammed kuma ba a ce masa Sanata ko tsohon minista, sai Ƙaura. Ɗaya da muƙamin soja, ɗaya da sarauta, sunayen yanka duka suka ɓace. Ni ina ganin jama'a ce ke zaɓar sunan da ya fi zama a bakinta.

Mai kula da zaure: An yarda da misalin, amma kada wanda ya ɗora da waye ya fi waye. Mun san yadda ta ƙare mana a nan wancan karon.

Ɗalibin Gubi: Malam na Azare, ina da tambaya. Farfesa fa? Muna da malamai da suka bar jami'a suka shiga siyasa ko kasuwanci, har yau Farfesa ake ce musu. Digiri ne ko matsayin aiki?

Malam na Azare: Matsayin aiki ne, ɗana, jami'a ke naɗawa bayan an auna rubuce-rubucen mutum da koyarwarsa. A Ingila bisa al'ada in ka bar kujerar sai jami'a ta ba ka matsayin girmamawa na musamman kafin ka ci gaba da amsa shi. A nan ma jami'o'inmu na ba da wannan matsayin ga ƙalilan bayan ritaya, wadda ga farfesa take a shekara 70 tun gyaran dokar 2012. Amma a aikace, a Najeriya wanda ya zama Farfesa ya zama ke nan, ba wanda ke tambaya. Ni wannan bai dame ni ba, mutumin ya yi aikin. Wanda ke damuna shi ne Daktan girmamawa. Attajiri ya gina wa jami'a ɗakin karatu, a yafa masa riga ranar yaye ɗalibai, washegari allon ƙofar gidansa ya koma Dakta. Shugabannin jami'o'i sun zauna a Keffi a 2012 sun yi ƙa'idoji a kan yadda za a riƙa ba da irin wannan digiri, amma ku duba fostocin da ke manne a Wunti ku gaya min ko an ji.

Abin da ke ba ni mamaki, kakanninmu ba su kai mu yunwar suna ba. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke kwance a garin nan, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa a 1960, amma tsofaffin da ya koyar a makarantar Midil har suka tsufa Malam Abubakar suke cewa. Aminu Kano kuwa ya yi ɗan majalisa, ya yi kwamishinan tarayya, ya yi takarar shugaban ƙasa, Malam ya rayu, Malam ya rasu.

'Yar Tudun Wada Gombe: Malam, lokacinsu Malam na da nauyi. Yanzu in an ce maka Malam a ofis, ana nufin ba a san ko kai wane ne ba, ka jira a benci. Mutane ba haka kawai suke tara muƙami ba. Sun ga mai muƙami ake fara saurara a banki, a asibiti, a ofishin filaye. Ka gyara layi ya zama kowa da lokacinsa, za ka ga rabin Honorabul ɗin nan sun faɗi da kansu.

Lauyan Yelwa: Honorabul kam ba a magana. Kansilan da ya yi wa'adi ɗaya, wanda ya tsaya takara ya faɗi, har wanda ya sayi fom ya janye, duk Honorabul. Tsarin mulki Gwamna kawai ya ce, Mai Girma da sauran kwalliyar mu muka ƙara. Kuma ku duba fasfo ɗinku, ba Alhaji, ba Janar, ba Farfesa, sunanka da na gidanku kawai. Shawarar da nake ba masu zuwa wurina ita ce a takardar filaye, da ta banki, da wasiyya, a rubuta suna tsura yadda yake a katin shaida. Na ga gadon da ya maƙale saboda a takarda ɗaya an rubuta mamacin da sarautarsa a madadin sunan mahaifinsa, a wata kuma da muƙaminsa na aiki, sai da aka yi ta rantsuwa a kotu kafin a yarda mutum ɗaya ne.

Direban Muda Lawal: Baba Saje, ni saura tambaya ɗaya. Mai ritaya na da izinin sa kakinsa? Don akwai wani da ke zuwa tasharmu da wandon soja da takalmin, riga ce kawai ta gida, yana raba faɗan 'yan kamasho yana karɓar na shayi.

Baba Saje: Ba shi da shi. Kakin aiki na masu aiki ne. Mu 'yan mazan jiya muna da namu kayan na ƙungiya, da hula da lambobinmu, muna sawa ranar 15 ga Janairu in za a ajiye furanni, ko in an gayyace mu wani taro. Ba a zuwa tasha da su. In ya sake zuwa, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi lambarsa ta aiki da rundunar da ya yi ritaya a cikinta. Sojan gaskiya ko cikin barci ka tashe shi zai karanto maka lambarsa. In ya fara kame-kame, ka gaya wa shugaban tasharku ya kai maganar ofishin 'yan mazan jiya, su sun san yadda za su yi da shi.